Ƙyauren Ɗakin Inna

Damina ta wuce ta bar ƙyauren ɗakin Inna a banƙare, ya ƙi rufuwa. Shi ya tuna mini da Kawu, kafintan da ya yi shi.

Ranar da na kawo masa katakon daga kasuwar Maigatari, a murɗe yake kamar busasshen ƙirgi. Kawu ya kanne ido ɗaya ya leƙa tsawonsa. Ya yayyafa wa cikin lanƙwasar ruwa, ya kifa shi kan jiƙaƙƙen yashi, ya ɗora masa turmi, rana tana dukan bayansa, har katakon ya miƙe. Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙen itacen.

Na ce, "Kawu, a sa gizago mana a huta."

Ya ce, "Ɗana, abin da ƙarfe ya ci ba ya dawowa. Lallaɓa shi ake yi."

Makon jiya na zaga kafintocin Gumel, kowa ya ce in sayi na ƙarfe. Na gwada yadda na ga Kawu ya yi, kafin la'asar katakon ƙyauren ya tsage gida biyu.

Labule muka rataya wa Inna. Allah ya sanyaya makwancin Kawu. Hannu irin nasa kam, mun daina sa ran gani.