Ba a Yi wa 'Yar Fari Guɗa

Tuwo nake sayarwa a unguwar Al Ras ta Dubai. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya daga Kano su ne masu ci. Ban yi boko ba. Mijina ɗan kago ne, mai aika wa 'yan kasuwa kaya gida, shi ya kawo ni Dubai da 'yarmu tana rarrafe. Ya rasu, na ci gaba da zama. 'Yar ita kaɗai Allah ya bar mini, kuma ita ce ta fari.

A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna murna da shi. Wannan aikin kaka ne da gwaggo. Haka uwata ta yi mini, ban kuma mutu ba. Sai dai a nan babu kaka, babu gwaggo. Yarinyar ta tashi ba ta jin komai daga bakina sai "ke".

Ta yi karatu har digiri na biyu. A gefen tukunya take karatun, littattafanta duk warin daddawa. 'Yan kasuwa suna ce mata Balarabiyar Kano saboda Hausarta da ke haɗe da Larabci. Larabawa kuma 'yar Afirka suke ce mata. Ba ta tanka wa kowa.

Bizarta ta makaranta ce. Karatu na ƙarewa, zama ya ƙare. Ta nemi aiki, ba a dace ba. Aka tsayar da magana za ta tafi Kano wurin baffanta, garin da ba ta san hanyar kasuwarsa ba. Ni ba zan iya bin ta ba, a nan abincina yake. Don haka da lokacin bikin yaye ɗalibai ya zo, kowa murna yake yi mini, ni kuwa rakiya nake gani.

Wata rana ta shigo kicin sanye da baƙar rigar digiri, tana gwaji.

"Umma, abu ɗaya nake so."

"Faɗi, hannuna na cikin miya."

"In an kira sunana ki yi mini guɗa."

Na iya guɗa. Duk suna da bikin Hausawan yankinmu na Deira ni ake kira.

Na ce, "Ba a yi wa 'yar fari."

"Ke da ake ɗaukowa har Sharja don guɗa?"

"Ta 'ya'yan mutane."

"Ni 'yar aljanu ce?"

"Cire rigar nan kada manja ya taɓa ta."

Ta ce, "Sau ɗaya, Umma. Kalas. Ba zan sake roƙon ki komai ba."

Na je wurin wata Hajiya mai sarin atamfa da ke cin tuwona shekara da shekaru, na ce ta tsaya mana a matsayin gwaggo. Ta buga ƙirji ta ce, "Ai 'yata ce. Sai na tsaga musu rufin ɗakin." Hankalina ya kwanta. Za a yi guɗa, kuma ba a karya al'ada ba.

Ranar bikin da safe Hajiya ta bugo waya. An riƙe mata kwantena, tana ofishin kago, ba ta da halin motsi. Ban faɗa wa yarinyar ba. Ta riga ta tafi.

Na hau jirgin ƙasa na metro ni kaɗai da leshin da na daɗe ban ɗaura ba. Ɗakin taron sanyi kamar firji. Kujerar Hajiya na gefena babu kowa. A ɗaya gefen wata Basudaniya ce, mai jiki, hannu duk lalle. Aka fara kiran sunaye. Misirawa na guɗa, Sudanawa na guɗa, Indiyawa na tafi da fito. Wani dattijo ya hau kan kujera yana kuka, ba wanda ya ce masa ya sauka.

Sai aka kira ta. Sunanta da na mahaifinta, sunaye biyun da bakina bai taɓa kamawa ba. Ta taho a hankali. Ba ta kalli mai miƙa mata takarda ba, cikin jama'a take dubawa.

Hannuna ya tashi zai kama hanci. Ya tsaya a bakin mayafi. Na ji kamar uwata na zaune a kujerar da babu kowa. Na sauke hannun.

Basudaniyar ta dube ni ta ce da Larabci, "'Yarki ce?" Na gyaɗa kai. Ta miƙe ta rangaɗa guɗa, doguwa, har mutane suka waiwayo. Yarinyar ta juyo da sauri, fuskarta a washe. Ta ga wadda ke tsaye, ta ga wadda ke zaune. Ta karɓi takardarta ta sauka.

A waje rana kamar wuta. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni.

Na ce, "An yi miki guɗa."

"Na ji. Allah ya saka mata. Taki na san ta, Umma, tun ina goye."

Ta cire hular digirin ta ɗora mini a kan ɗankwali, ta ce, "Yalla, tsaya a yi hoto." Aka yi. A hoton tana dariya. Da yamma na yi dambu da zoɓo, 'yan kasuwa suka cika ɗaki suna kiran ta Farfesa. Ita ta riƙa zuba musu. Ba ta sake ta da maganar ba, kuma kamar yadda ta faɗa, ba ta sake roƙo na komai ba.

Ranar tafiya na raka ta filin jirgi. Na ce ta riƙe salla, ta bi baffanta sau da ƙafa, kada ta sha ruwan da ba ta sani ba. Ta ce to. Ta shiga layi, ta wuce inda ake duba fasfo, gilashi ya raba mu. Ina hango bayan mayafinta yana nisa.

A nan abin ya zo. Na kama hanci na saki guɗa. Ba ta fita da kyau ba, a tsakiya ta karye. Wani mai gadi ya taho yana cewa, "Mama, shuwayya, shuwayya," wato in yi a hankali. Na saki ta biyu a gabansa.

Ba ta waiwayo ba. Gilashin mai kauri ne, ga hayaniya. Ko ta ji, ko ba ta ji ba, ban sani ba.

Muna waya duk Juma'a. Takan ce Kano da zafi babu wuta, yara na dariyar Hausarta, baffa na gaishe ni. Ba ta taɓa ambatar filin jirgi ba, ni ma ban tambaya ba.

Har yanzu ana kira na suna da biki. Ina zuwa, in kai tuwo, in zauna. In an ce in yi guɗa sai in ce mura nake yi.