Kwalbar Malam Sule

Tashi

Ƙarfe biyar saura kwata na fito, akwatin ƙanƙara a kafaɗa, sai a tasha na yi asuba. Aikina auna ruwan kwata ne, don a san wane nau'in ƙwayar rota, mai sa yara amai da gudawa, ke yawo a gari, kuma ko ɗigon rigakafi yana kama shi. Abokaina Sarkin Kwata suke kirana. Bakinsu ne.

Ga abin da ya tayar da ni. Ruwan kwatocin Kano yana gangarawa har lambunan wani ƙauye a ƙasar Minjibir. Da mai ya yi tsada aka jingine motar ofis, muka koma aika kwalba ga wani manomi, Malam Sule, ya ɗebo ya ba direban bas. Wata uku ruwansa yana zuwa fes. Ikon Allah! Ruwan da ya bar birni baƙi ƙirin, wa ya wanke shi a hanya?

Hanya

Shida da rabi bas ta cika. A shinge wani mai kaki ya ƙwanƙwasa akwatina.

"Mene ne a ciki?"

"Yanzu ƙanƙara ce, yallaɓai. A dawowa kashin Kanawa."

Bai nemi buɗewa ba. Bakwai da rabi ina Minjibir, na karya da koko da ƙosai. Ɗan acaɓa ya ratsa da ni gonakin gero, minti ashirin.

Ƙauye

Malam Sule ya tarbe ni da tabarma da fura.

"Kawo kwalbar, Malam, ka huta," in ji shi.

"Baba, yau tare za mu je."

Sai ya nuna rijiyar ƙofar gida.

"A nan nake ɗebowa. Mutum ya aika wa manya ƙazanta? Kuma in kun ga cuta a ruwan can, za a hana mu ban ruwa. Latas ɗin nan shi ne tuwon gidana."

Raina ya ɓaci, wallahi. Wata uku muna auna rijiya! Na ce cutar yaran birni muke karantawa a ruwan, ba lambunsa muke farauta ba, amma ba zan rantse masa a kan abin da manya za su yanke ba.

Sai matarsa ta yi magana daga bayan danga: "Malam, gaya masa zancen Ummi mana."

Ummi jikarsu ce, wata tara. Kwana uku ta yi tana gudawa, aka ce haƙori ne, zai wuce. Ran Juma'a aka binne ta.

"Haƙori ba ya kisa, ko?" in ji shi.

"Ba ya yi, Baba."

Ya karɓi kwalbar, ya naɗe wando. Na miƙa masa safar hannu, na bi shi har bakin ruwa. Ya shiga inda ya fi baƙi, ya cika ta.

"In lambun zai tafi, ya tafi."

Gida

Kafin azahar na miƙa kwalbar a ɗakin gwaji, da sauran ƙanƙara a jikinta. La'asar a gida na yi ta, alhamdu lillahi. Na gode wa direba da ɗan acaɓa. Malam Sule kuwa, ban san irin godiyar da zan yi masa ba. Allah Ya jiƙan Ummi.