Tabarmi Uku a Ƙofar Malam Irmiya

Sunansa na takarda Jeremiah, amma bakinmu na mutanen Maiyama bai iya da wannan ba, sai muka mayar da shi Malam Irmiya, shi ma ya haƙura yana amsawa. Daga wajen Kafanchan ya zo bautar ƙasa, aka riƙe shi koyar da Turanci a sakandarenmu, ya je gida ya ɗauko matarsa Alice. Ita kuma ba wanda ya taɓa kiran sunanta, Maman Rita kowa ke cewa, saboda ɗiyarsu guda ɗaya. Shekara ashirin da bakwai suka yi cikinmu, a wani gida mai bishiyar dogon yaro a ƙofa.

Ni Muntari, shekara uku na yi a hannunsa, kuma Allah ya sani ba ni da kai. Shi Malam bai yarda yaro ya haddace kalma ita kaɗai ba. Cewa yake kowane suna a Turanci yana da kalmar aikin da suke tafiya tare, in ka haɗa shi da wata ka yi ɓarna ko da an gane nufinka. Bature ba ya shan magani, ɗauka yake yi. Ba ya cika alkawari, ajiyewa yake. Ranar da ya ce mana Bature shi ke kama mura, ba ita ke kama shi ba, sai da ajin nan ya kwanta don dariya, wani ya ce to shi wa ya aike shi.

Da kwali yake koyar da mu. Kwalin sabulu da na taliya, a yanka su kamar tafin hannu. Maman Rita ke rubuta sunayen da shuɗin biro, don rubutunta ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba, shi kuma ya rubuta kalmomin aikin da ja. Ɗauri biyu ne, kowanne da robarsa. A aji ɗaya ya ɗaga shuɗi, ɗaya ya lalubo jan da ya dace da shi, in ka kasa kana nan tsaye har ka samo. Ni na sha tsayuwa. Da la'asar kuwa duk wanda ya bi ta ƙofar gidansu zai gan su ƙarƙashin dogon yaron, ita tana ɗagawa shi yana amsawa, suna gwada sababbin da suka yanka, wani lokaci har da gardama.

Abu ɗaya da ba mai iya musawa: ba a taɓa zaman makoki a unguwarmu babu Malam Irmiya ba. Zai tuɓe takalmi ya zauna a bakin tabarma. In an ɗaga hannu ana addu'a ya sunkuyar da kai, in an shafa ya ce Allah ya jiƙan rai. Da babana ya rasu, kwana ukun nan duk ya zo, Maman Rita kuma ta aiko da tuwo har sau biyu. Mun saba da ganinsa wurin har mun daina ganinsa.

Da ya yi ritaya bai koma gida ba, ya ce nan ne gida. Sai dai zuwa wurinsa ya koma na buƙata. Mai neman aiki, mai ƙorafi ga ƙaramar hukuma, kowa ya kai takardarsa a gyara masa Turanci ya ƙara gaba. Ni da nake magatakardan ƙungiyar manoman albasa na fi kowa wannan hali.

Bazarar shekaru biyu da suka wuce Maman Rita ta kwanta, kwana biyar a wani asibiti a Jega, ta cika. Aka ɗauke ta zuwa garinsu aka rufe. Daga baya na ji cewa Rita ta roƙe shi ya zauna can, ta ce babu kowa gare shi a Maiyama. Ya ce ba zai yiwu ba, mutanensa ba su yi masa gaisuwa ba tukuna, zai koma ya zauna musu kwana uku yadda ake yi. Ta ce ba wanda zai zo. Ya ce ba ta san mu ba.

Ya biyo ta kasuwar Jega ya sayi tabarmi uku sababbi, ya shimfiɗa su ƙarƙashin dogon yaron, ya cika randa da ruwa, ya zauna.

Mun gani fa. Kada wani ya ce maka ba mu gani ba. A majalisa aka yi maganar, wani ya ce ai su a coci suke nasu, an riga an gama can. Wani ya ce in mun je wace addu'a za mu yi, kada mu sa bawan Allah cikin kunya. Aka gyaɗa kai, aka ga kamar ladabi ne a ƙyale shi. Ba wanda ya tashi ya tambayi liman, ba wanda ya tambayi shi Malam ɗin. Ga shi lokacin cirar albasa, motoci na jira a Aliero, kowa kansa ya ɗau zafi. Mai wucewa kan babur ya rage gudu ya ce Malam ya haƙuri, ya murɗa ya wuce. Ni ma haka na yi, har sau biyu, kuma abin na ci mini rai har yau.

Ran kwana na uku da la'asar takarda ta taso mini, ta neman taki, wadda dole in kai ofishin gona da safe. Na naɗe ta na nufi gidan Malam ko tunanin komai ban yi ba.

Daga nesa na hango shi. Tabarmi biyu ko karyewar naɗinsu ba ta miƙe ba, ganyen dogon yaro ya zuba a kansu, ba sawun kowa. Shi kaɗai a bakin ta ukun, ba ma a tsakiya ba, yadda ya saba zama a namu. Ɗaurin kwalayen nan biyu na gabansa. Ya ɗaga shuɗi da hagu, ya dube shi, ya lalubo ja da dama. A nan na gane abin da tabarmin suke jira. Na cusa takardar cikin aljihu, na tuɓe takalmi na zauna.

Na yi masa gaisuwa yadda ake yi wa kowa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya ba da dangana. Ashe abin da muka ce ba mu san yadda za mu yi ba ke nan, bai fi numfashi uku ba. Ya tashi da kansa ya ɗebo mini ruwa.

"Na gaya wa Rita za ku zo," in ji shi.

Ya turo mini ɗaurin shuɗin, ya ce in ba zan damu ba in riƙa ɗagawa, wai abin ba ya daɗi da hannu ɗaya. Na riƙa ɗaga rubutun Maman Rita ɗaya bayan ɗaya yana amsawa, wani wurin ya tsaya ya ba ni labarin ranar da suka yanka kwalin. Duk babur ɗin da ya taho sai Malam ya waiga. Ba wanda ya tsaya.

Da rana ta yi ƙasa na miƙe na ce zan je in yi shirin salla. Ina sa takalmi ya miƙo hannu.

"Muntari, kawo takardar. Tun zuwanka na ga bakinta a aljihu."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ba shi. Ya ciro jan bironsa ya gyara wuri biyu, ya ce Turancina ya yi sauƙi, in kai ta da wuri kafin shugaban sashen ya fita. Ko kalma ɗaya ta zargi bai faɗa ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini.

Mako na zagayowa Rita ta zo da mota. Kwalayen ya tafi da su, duka ɗauri biyun. Tabarmin kuwa ya aiko mini da su a naɗe, da saƙon cewa a ajiye don makokin unguwa, sababbi ne, ba su ga aiki ba.

Suna nan wurina. Duk rasuwar da aka yi ni ke fito da su, kuma kafin hantsi sun cika maƙil, har wasu su rasa wuri. Ba wanda ya taɓa tambayar na wane ne. Ni dai a ƙasa nake zama.