Ranar da Muka Ɗebi Wuta a Rumbun Mairama

Mairama mai daddawa gajeriya ce, ga faɗa, in ta buɗe baki har kaji sai sun watse. Mijinta ya rasu tun kafin a kawo ni aure ƙauyen, wani ƙaramin ƙauye ne a bakin daji, tafiyar rabin yini daga Gayam. Ita ke nomanta, ita ke dafa kalwarta, ranar kasuwa ta ɗora ƙwarya a ka. Zana ɗaya ta raba gidanmu da nata. Kullum sai ta leƙo ta ce, "Ma'u, wannan miyar taki ko akuya ba za ta sha ba." Amma in gishirina ya ƙare, ita ke miƙo mini.

Shekara biyar da samun mulkin kai Allah ya haɗa mu da Abarshi. Wani dogon mutum ne mai jajayen kaya, ya fito daga daji da mabiyansa, suka kafa bukka da murhu a tsakiya, wutar ba ta mutuwa. Durƙusa mata suke yi, har da waƙa, wa'iyazubillahi! 'Yan Murhu muke ce musu. Abarshi ya ce duk wutar da ba daga murhunsu ta fito ba ƙazamtacciya ce, za ta ci mai ita. Liman ya ce ƙarya ne, kwana uku zaurensa ya ƙone. Malamin coci ma ya musa, rufin cocin ya zama toka. Mai unguwa kuwa, duk akuyar da aka kai musu, cinyarta gidansa take zuwa. To wurin wa za ka kai ƙara?

Bayan kaka suka yi shela. A kashe kowace wuta, kwana bakwai ba hayaƙi, sannan kowane gida ya kai dawa ya karɓi sabuwa. Wanda ya saɓa, rumbunsa zai biya. Suka bi gida-gida suna tura hannu cikin toka, suka kwashe ashana kaf. Muka koma jiƙa gari muna sha. Ni dai ko tururin numfashina na gani da safe sai in rufe baki, kar a ce hayaƙi ne.

Ana cikin haka Martha matar Solomon ta haihu. Mai jego ba wankan ruwan zafi, ba kunu, ai kisa ne. Kwana biyu ƙafafunta suka kumbura, tana rawar sanyi. Surukarta, tsohuwa tukuf, ta ɗauki kasko tana bin gidaje. A wurinmu ba a hana maƙwabci wuta, ko gaba kuke yi, in ya zo da kasko sai ka zuba masa. Tsohuwar ta san babu, rasa abin yi ne kawai ya fito da ita.

Ashe Mairama ba ta kashe tata ba. Garwashin ƙirya ta binne cikin toka a tsohuwar tukunya, ta tura ƙarƙashin ganyen da take rufe daddawa, tana ƙara masa gawayi. 'Yan Murhu da suka zo bincike, wari ya buge su, suka toshe hanci suka wuce. Ta zana na hango ta tana janyo tukunyar, surukar Martha na tsaye da kaskonta.

Na ce, "Inna Mairama, don girman Allah, rumbunki!"

Ta ce, "Yi mini shiru, Ma'u. A zo mini da kasko in ce babu, alhali akwai?"

Ta ɗebi garwashi ta zuba wa tsohuwa a kasko, har ɗaya ya faɗi ƙasa.

Da hantsi hayaƙi ya tashi a gidan Solomon. Kafin ruwa ya tafasa mun ji gangar 'Yan Murhu. Suka janyo tsohuwa waje, Abarshi ya ce ta faɗi wanda ya ba ta. Ba ta faɗa ba. Mairama ce ta fito ta ce ita ce. Ya aika aka kawo bakin wuta daga murhunsu. Matar da ban taɓa ganin ta rusuna wa kowa ba ta zube a gabansa tana cewa, "Ka yi mini rai, abincin shekarata ne, ba ni da mai noma mini." Ko kallonta bai yi ba, ya cinna wa jinkar rumbunta.

Dawa tana ƙonewa tana tartsatsi, ƙamshi ya cika ƙauyen, mu kuwa cikinmu na ƙugi. Ba wanda ya ɗauko ruwa. Da rufin ya rufta, suka buga gangarsu suka koma daji.

Sai Talatu matar maƙeri ta ce a hankali, "Wannan ai wutar murhunsu ce, da hannunsu suka kawo ta." Ta je ta dawo da kasko. Wata ta bi ta, wata ta bi. Muka yi layi a kan rumbun matar nan tana zaune a ƙasa tana kallonmu. Ni ma na ɗiba, ba zan ɓoye ba. Abarshi bai iya hana mu ba tunda wutarsa ce, ba wanda ya kai masa ko zangarniya a shekarar. Martha ta warke sarai.

Mairama ba ta kai mako biyu ba ta ɗaure kayanta ta tafi wurin ƙaninta a Kakangi, can ta rasu. Ba ta yi mini sallama ba, kuma ban ga laifinta ba. Don ran da abin ya faru, da la'asar kowane gida ya tuƙa tuwo, ba wanda ya kai mata, kowa na tsoron a ce yana tare da ita. Na zuba nata a akushi, na je har bakin zana. Sai na hango jan ƙyalle a gindin ɗorawa, wataƙila ma shanyar wani ce. Na juyo da sauri. Tuwon nan ni da mijina muka cinye shi.