Tsifa a Karofane

A cikin kwalin sabulu littattafan suka zo gidana. Wata baƙar anasara ce ta bar mini su, ƴar Amirka, wadda ta yi aiki da furojen gyaran ƙasa lokacin da nake koyarwa a lakol a Keita. Tsofaffin garin ƙin yarda suka yi anasara ce, wai Bazabarma ce da ta manta harshen uwarta. Da za ta koma ta ce kwalin ya yi mata nauyi. Labaran soyayyar mutanenta ne da aka juya zuwa Faransanci, ta saye su don koyon harshen, ta gama da su.

Kafin nan baƙaƙen Amirka da na sani su ne na gidan bidiyo, bindiga a ƙugu, sarƙa a wuya, ɗan sanda na bin su da gudu. Ban taɓa kawowa a raina suna da kaka mai faɗa ko suruka mai sa ido ba. Sai ga su a takarda: mai aski, direban bas, malamar lakol kamata, suna son juna, suna ɓatawa, suna shiryawa. A ɗaya daga ciki wata mata ta dawo daga aikin likita a gajiye, ta zauna a ƙasa ta jingina da gwiwar mijinta, shi kuma ya ɗauki tsinke yana tsefe mata kitso. Da farar mace ce sai in ce al'adarsu ce, in wuce. Amma kitso ne fa, gashi irin nawa, mai cije mashaci in ana taje shi. Na karanta wurin nan har takardar ta yi laushi.

Maigidana direban kamyo ne, babbar motar furojen, yana kwasar duwatsu zuwa gangaren da mata ke jera shinge don tare ruwa. Bai yi nisa a lakol ba. Ranar Lahadi da la'asar, in ya gama wanke mota, sai ya hura gawayi ya ɗora shayi a tsakar gida, ni kuma ina karantawa ina juya masa da Hausa. Kuma ba ya yin shiru. “Wanga mai aski sakarai ne,” zai ce, “shi tahi shi ba ta haƙuri mana!” Ranar da muka iso wurin tsifar nan kuwa, sai ya juya shayi, ya sake juyawa. Can ya ce, “Madam, naki ma ya tsufa. Matso in gani.”

Na yi dariya na ce ya rufa mini asiri. Ya ce ƙofa a rufe take. Yatsun da suka saba da sitiyari da bakin dutse, wallahi ranar farko har hawaye na yi don zafi, amma ban ce ya bari ba. A hankali hannunsa ya faɗa. Ya koyi farawa daga jela, ya koyi shafa man shanu kafin ya ja. Na tashi a gidan da ban taɓa ganin ubana ya zauna tabarma ɗaya da uwata ba, to ga ni zaune, kaina a hannun namiji, da rana tsaka. Duk duniyar nan ba ni da abin da ya fi mini wannan la'asar ɗin.

Yana da wani taubashi, ɗan gwaggonsa, dillalin albasa da ke kai da kawowa tsakanin Madawa da Keita. Ƙato ne mai ƙaton baki. Irin mutanen nan ne da ke yin sallama ƙafarsu na cikin gida. Wata Lahadi yara suka bar ƙofa a buɗe, sai kawai muka gan shi tsaye a kanmu, rabin kaina a tsefe, tsinke a hannun maigidana.

Ya yi dariya har ya dafa bango. “Lale, lale! Ashe makitsiya gare mu a dangi ba mu sani ba! Nawa ake yin shuku?”

Kafin sallar magariba maganar ta kai fada, wurin shayin maza. Kashegari ta kai tasha. Ranar sunan wani ɗan ƙanensu, ana rabon goro, ɗan banzan nan ya miƙa wa maigidana ƙunshi a gaban dattawa, ya buɗe, sai ga mashaci. Aka fashe da dariya har da liman. Maigidana ma ya yi dariya, don ba shi da wata hanya. Wasan taubashi ba a fushi da shi. Ko ya zage ka, ko ya tuɓe maka hula a kasuwa, in ka ɗaure fuska kai ne ka ɓata zumunci. Na tare mutumin nan a zaure na ce ya ji tsoron Allah ya bar wannan suna. Ya buɗe haƙora ya ce, “Haba Madam, ai wasa ne.”

Daga nan shayi ya koma fada. Na ɗauko littafi wata Lahadi, maigidana ya ce yana da gyaran mota. Wata Lahadin ya ce kansa na ciwo. Na mayar da kwalin ƙarƙashin gado. Kada in yi masa ƙarya yana kabari: bai taɓa zagina ba, bai bar ni da yunwa ba, bai yi mini tsawa ba. Hannunsa ne kawai bai sake taɓa kaina ba. Muka ƙara haihuwa, muka aurar da babbar, furoje ya sallami direbobi, ya koma jan motar kasuwa, sunan nan yana biye da shi. Har yaran mota da ba a haife su ba lokacin suna kiransa da shi, ba su ma san mafarinsa ba.

Ciwo ya kama shi, aka kwantar da shi a likita a Madawa. Ranar ƙarshe da hantsi ƴan dubiya suka fita, muka rage mu biyu. Ina zaune a ƙasa kusa da gadon, ɗankwalina ya zame. Sai na ji yatsunsa a kaina, suna laluben jelar kitso. Ba ƙarfi a cikinsu ko kaɗan. Ban motsa ba, ko numfashin kirki ban yi ba.

Sai ga muryar taubashin daga bakin ƙofa: “Salamu alaikum! Makitsiya, har yanzu kana kwance? Tashi mana, mata na can suna jiranka!”

Maigidana ya yi murmushi, ya janye hannunsa ya cusa cikin bargo. Kafin la'asar ya cika.

Taubashin ya yi kuka ranar, kukan gaskiya, shi ya kama gaban makara. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Bai ma san ya yi wani abu ba. Da ya zo yi mini gaisuwa ya ce, “Madam, in akwai abin da na yi muku, a gafarta.” Mata suka amsa mini da “ba komi, ba komi.” Ni bakina a rufe yake, kuma na san abin da ya sa na rufe shi.

Matarsa ƴar Karofane ce, doguwa, mai sanyin magana, ba ta yi lakol ba. Ita ta riƙa zuwa taya ni zama lokacin takaba, tana kawo mini fura. Ba ta yi mini laifin komai ba, amma da ita na ga hanya. Da na fita takaba na jawo kwalin, na kaɗe ƙura, na ce, “Ƙanwata, zauna in ba ki labarin waɗansu baƙaƙe ƴan'uwanmu.”

Na zaɓa mata wuraren da nake so. Wurin da miji ya kira matarsa ya tambaye ta yadda ta wuni, kuma ya tsaya ya ji amsar. Wurin da ya ɗanɗana miya ta yi gishiri ya cinye bai ce uffan ba. Takan riƙe haɓa ta ce, “Yaya, baƙaƙe kamarmu? Musulmi ne?” In ce a'a, coci suke zuwa. Ita da mijinta bai taɓa kiranta da abin da ya wuce “ke” ba. Wurin tsifar na adana shi sai ƙarshe, kuma na ja shi yadda ya kamata, har man da ya shafa mata sai da na faɗa. Ta ce, “Ashe abin da marigayi ke miki ke nan.” Na ce shi ne. Ta ce, “Kuma namu ya mai da shi abin dariya.” Na ce ni ban ce ba.

Ban jira da yawa ba, don mai baki irin nasa ba ya hutawa. Wata rana ya kawo baƙi ƴan kasuwar albasa, tuwo ya yi ɗan ruwa, ya kira ta gabansu ya ce su duba kunun da ƴar Karofane ke kira tuwo. Suka yi dariya. Da safe ta ɗaure kayanta ta hau motar Buza, ta nufi gidansu a Karofane.

Gidansa ya rikice. Tsohuwarsa makauniya ce, ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai surukar nan. Yara suka zama kamar marayu. Ya aika ƙanensa biko aka koro shi, ya aika liman aka ba shi ruwa ya sha ya dawo. Ita kuwa kullum muna magana a salula. Ta ce, “Yaya, gwaggona ta ce in faɗi abin da nike so shi yi kafin in koma. Turmin zane zan ce?” Na ce, “Zane? Zane nawa gare ki a akwati? Ke dai kitsonki bai tsufa ba?” Sai na ji ta tuntsire da dariya.

Ranar da zai je da kansa na riga shi isa. Na sa lufayata mafi kyau, na shiga motar kasuwa zuwa Buza, daga can na hau kabu-kabu har Karofane, ƙashina duk ya yi tsami a kan duwatsun hanyar nan, ban damu ba. Gwaggon tsohuwa ce mai kaifin harshe, ta ji labarin duka daga bakina, ta kuwa gayyato matan unguwa kamar ana biki.

Ya shigo da babbar riga da ƙwaryar goro. Gwaggo ta ce, “Ɗana, goronka mun gode. Ɗiyarmu ta ce kanta na ƙaiƙayi. Ga tsinke.” Ya dubi tsinken, ya dubi mata cike da tsakar gida, sannan idonsa ya faɗo kaina. Na ga lokacin da ya gane. Fuskarsa ta yi toka. Ya ce, “Inna, a bari mu koma gida, in sha Allahu…” Ta ce, “Nan dai. Ko ka tahi kai ɗaya.”

Ya naɗe hannun riga ya zauna a kan turmi. Kai, jama'a! Ban taɓa shan ruwan sanyi mai daɗin wannan kallo ba. Gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa, ya ja da ƙattin yatsunsa ta yi ƙara, tsofaffi suka yi masa ca: “Daga jela ake farawa, sakarai!” Aka rangaɗa guɗa. Ƴanmata suka ɗaga salula suna ɗauka, kafin ya kai rabi hoton ya isa fadar Keita, ya isa tashar albasa ta Madawa, ya isa har wurin ƴan cin rani a Abijan. Na tashi a hankali na je na tsaya a kansa, daidai yadda ya taɓa tsayawa a kanmu.

“Sannu da aiki, makitsiya. Nawa ake yin shuku?”

Ya ɗago jajayen idanu. Ya buɗe baki zai yi magana.

Na ce, “Haba Alhaji, ai wasa ne.”

Sunan ya bi shi, kuma na taimaka masa ya bi shi. Duk wanda ban tabbata ya ga hoton ba na nuna masa. Na yi ƙiba a watannin nan, har abokan aikina suna tambaya ko wani ya fito ne.

Bayan kaka na ce bari in je gidansa in ƙara ganin yadda ya koma. Da la'asar ne. Na yi sallama ƙafata na cikin gida, da gangan. Suna tsakar gida su biyu, ga shayi a kan gawayi, tsohuwar na barci a inuwa. Matar na zaune a ƙasa ta jingina da gwiwarsa, idonta a lumshe. Ba gwaggo, ba taron mata, ba wanda ya sa shi. Ga ƴar kwalbar man shanu a gefe, kuma daga jela ya fara.

Na tsaya ina jira ya janye hannunsa. Na jira sosai.

Ya ce, “Madam, shigo mana, ga tabarma,” ya ci gaba da tsifarsa.

Na ce sauri nake yi. Na dawo gida na rufe ƙofa, na zauna a wurin da muke zama, na cire ɗankwali na fara tsefe kaina. Na yi gaba, na yi gefe. Ƙeya ce hannuna ba ya kaiwa yanzu, kafaɗa ta ƙi. Na ɗaura ɗankwalin a kan rabin tsifa na tashi na yi alwala.

Yana gaishe ni duk inda muka haɗu, har albasa yake aiko mini. Ina karɓa, ina dafawa, ina ci. Ban yafe masa ba.