Kawu Mai Tarwada da Hancin Kifi

Kafin rana ta ɗaga, Kawu Mai Tarwada ya riga ya tsuguna a bakin kududdufin gonar kifin da yake wa aiki, yana wanke hannu da ruwa zalla. Ba ya shafa turare ranar aiki, alhali matarsa turare take sayarwa. Takan ce, "Malam, wato kifi ya fi ni matsayi?" Sai ya yi dariya: "Ke kina yafiya, hancinsu kuwa ba ya yi."

Shi ya nuna mana, mu abokan aikinsa, cewa ƴan ramukan da ke saman bakin kifi ba na numfashi ba ne. Ruwa ke shiga ta ɗaya ya fita ta ɗaya, da haka kifi ke jin ƙamshin abinci, ya kuma ji haɗari tun bai gan shi ba.

Bara yayata, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara da kududdufi guda a bayan gida, ta wayi gari kifayenta sun daina ci. Sun cure a kusurwa, abincin na yawo a kan ruwa. Da kifin nan take riƙe gidan. Ta zo wa Kawu da hawaye.

Bai kawo magani ba. Ya bi ta gida, ya naɗe wando ya shiga kududdufin, yana laluben bango a hankali, har hannunsa ya ci karo da wata waya a bakin bututu.

"Ga muguwar," in ji shi. "Tana yagar musu fata. In ɗaya ya ji rauni, fatarsa na sakin wani abu a ruwa, sauran su shaƙa su ɗauka an zo kama su. Ke ƴar nan, kya iya cin abinci ana ihu a gidanki?"

"Kawu, ni ko ba ihun ban ci ba tun jiya."

Ya cire wayar, ya ware masu rauni, aka sauya ruwa. Ba a daɗe ba kududdufin ya kaure da wawason abinci.

Yanzu gwiwoyi sun ce ya isa haka, Kawu zai ajiye aiki. Kai ne mai sauraron abin da ba shi da murya, Kawu. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba gwiwa lafiya. Mu da muka rage, mu koyi irin haƙurinka, mu nemi abin da ke damun halitta kafin mu ɗura mata magani. Yaran yayata ba su kwana da yunwa ba, kuma sun san wa za su yi wa addu'a.