Yadda Manhajata Ta Zama Marainiya

Shekara shida ina riƙe da wata 'yar manhaja. Aikinta ɗaya ne: ta haɗa kwamfuta da rediyon oba-oba irin na masu lasisi, waɗanda ke kiran juna daga ƙasa zuwa ƙasa don sha'awa kawai. Tana cikin babbar manhajar nan ta kyauta da 'yan sa kai na duniya suke kula da ita, kowa da ɓangarensa, ba albashi. Ni gyaran rediyo nake yi a Gwandu, iyakata sakandare, amma sunana ne a kan manhajar.

Tsarina ba ya canzawa. In sabon gyara ya zo, da farko in karanta shi. Na biyu in haɗa. Na uku in gwada a tsohuwar rediyona. Sai ta amsa sannan in tura wa jama'a.

Abokin gwajina wani mai shagon kwamfuta ne a Kalgo, sa'ana. Ni na koya masa ɗaura eriya, ni na tsaya masa har aka karɓe shi cikin 'yan sa kai. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci in kira shi ta rediyo, ya amsa, ya yi mini ba'a wai rediyona ta girmi kakarsa.

Akwai wata ƙa'ida. In mai riƙo ya yi shiru, an yi ta aika masa imel bai amsa ba, sai a tambayi jama'a ko akwai wanda ya san halin da yake ciki. In babu, a ce manhajarsa ta zama marainiya, mai so ya ɗauka. Ƙa'ida ce mai kyau, ba ni da ja da ita.

Wata damina mahaifina ya kwanta ciwo a Maruda. Na koma can, ga jinya, ga noman gero, ga ba sabis. Kafin in tafi na je har shago na gaya wa abokin nan nawa, ya ce kada in damu. Ya ma zo dubiya, da kankana biyu.

Bayan girbi tsoho ya miƙe, na dawo na buɗe imel, na bi su bi da bi. Ta farko nemana ake. Ta biyu ma haka. Ta uku tambayar jama'a ce. A ƙarƙashinta ga amsar abokin nan nawa, layi ɗaya: shi ma ya daɗe bai ji ɗuriyata ba. Na duba ranar. Kwana biyu bayan dubiyar. Daga nan ya ɗauki manhajar, ya cire ɓangaren tsofaffin rediyo, wai ba mai amfani da su yanzu.

Washegari na tafi Kalgo. Ya ba ni kujera, ya aika a kawo fura.

"Malam, aiki ba ya jiran mutum," in ji shi.

Na ce, "Ban ce ya jira ni ba. Cewa ka yi ba ka san inda nike ba."

Ya shiga goge allon kwamfutar da babu ƙura a kansa. Can ya ce in ina so zai sa sunana ƙarƙashin nasa, a matsayin mataimaki. Na ce ya bar shi. Ban sha furar ba.

Da na rubuta wa 'yan sa kai gaskiyar magana, mai yiwuwa su mayar mini. Amma sai na ƙaryata a bainar jama'a mutumin da ni na ce musu amintacce ne. Ban rubuta ba.

Har yanzu wasu tsofaffi daga ƙasashe masu nisa suna aiko mini cewa rediyonsu ta daina amsawa, in taimaka. Ina da gyaran a kwamfutata, amma ba ni da ikon turawa. Nakan amsa wa kowa da layi biyu: ba ni ke riƙe da ita ba, ga adireshin mai riƙon.